Jajayen Shanun Kaka Dije

Ƙamshin citta a cikin narkakken man kaɗe shi ne abu na farko da ke zo mini idan na tuna ɗakin kakata, Kaka Dije, a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗansoshiya, 'yan shekaru kafin samun mulkin kai. Fuskarta ta fara dusashewa a raina, amma ƙafafunta har yau ina ganin su: sirara, masu sheƙi, masu sanyi kamar tulun da ya kwana a waje.

Da an idar da sallar isha'i, ni da yayata Ladi mukan shiga wurinta. Wuta tana ci a bakin gadon ƙasa, inuwarmu tana rawa a jikin bango. Takan narka man a ɗan kasko, ta barbaɗa dakakkiyar citta da kanumfari da masoro, sannan ta miƙo mana ƙafafu. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a jin tatsuniya sai hannu yana aiki.

"Kai angon banza, haka ake murza ƙafar amarya? Kamar mai shafa kan kyanwa! Daga yatsu za ka faro, ka yi sama."

"Kaka, ai ƙafar taki ce ba ta ji."

"Ba ta ji, amma ta san rago. Ladi, karɓe masa ta hagun kafin in yi masa yaji."

Ta hagun ce abin damuwar gidanmu. Babban yatsanta ya fara duhu, ga wani ɗan miki da ya ƙi warkewa. Malamin asibitin da ya duba ta ya ce jini ne ba ya isa can, kuma sai an kai ta babban asibiti a Kano, inda mai yiwuwa a yanke ƙafar; idan an bar ta, ciwon zai haura sama ya tafi da ranta. Kaka ta ce da ƙafa biyu ta zo duniya, da biyu za ta koma.

Wanda ya kamata ya lallashe ta shi ne mahaifina, amma shi ɗan farinta ne. Ita kuwa 'yar makiyaya ce daga wajen Doguwa, ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske: ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, kuma in ban da amsa gaisuwa ba ta yi masa magana. "Wancan mutumin" take ce masa. Abin da ya iya yi shi ne ya sayo gwangwanin man zafi a Kwanar Dangora ya ba Ladi ta miƙa mata, sannan kullum da dare ya zauna a kan kifaffen turmi a bakin ƙofarta, yana tufkar igiyar da babu mai buƙatarta.

A cikin waɗannan darare ne ta fara ba mu labarin jajayen shanu. "Ga ta nan tafe a kan burtali," takan ce, mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso mu ji ta."

Wai an yi wani makiyayi mai garken shanu jajaye wur, waɗanda ba sa barci. Kullum sukan zagaya dukan makiyayarsa, har wata fadama mai nisa a can ƙarshen daji, kuma duk inda suka taka sai ƙasa ta ɗauki ɗumi, ciyawa ta tsiro. Wata rana wata tsohuwar kuka ta faɗi ta tare burtalin da ke zuwa fadamar. Makiyayin ya ɗebi kanwa, ya zagaya da ƙafa, ya zuba ta a can. Shanun suka jiyo ta a iska, suka taru a jikin kukar suna kuka, amma babu hanya.

Daga nan labarin ba shi da ƙarshe guda. Wani daren shanun su yi fiffike su tsallake. Wani daren wata 'yar maraƙa ta gano siririyar hanya ta cikin ƙaya, sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ina murzawa ina gyangyaɗi, har in ga kamar shanun ne ke tafiya a ƙarƙashin tafin hannuna, ƙanana kamar jajayen tururuwa. Idan fatar ta yi ja saboda yajin man, sai in yi ihu, "Kaka, sun iso!" Ita kuma ta ce, "Ƙurarsu ka hango, ango. Ci gaba."

Sai wani dare, bayan duhun ya kama yatsa na biyu, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, fuskarta tana wajen ƙofa. Ta ce a wannan karon makiyayin ya je ya tarar fadamar ta ruɓe, kuma ruɓar tana biyo burtali zuwa ruga. Ya zauna ya yi kuka, domin a fadamar nan ya yi ƙuruciyarsa. Da ya gama, sai ya kira babban ɗansa ya ce, "Sari ƙaya ka shinge hanyar. Na bar wa daji fadama, a bar mini garke."

Ladi ta ce, "Kaka, wannan ƙarshen ba shi da daɗi."

"Ba don ke na dafa shi ba."

A waje muka ji mahaifina ya yi gyaran murya, ya tashi. Da gari ya waye an ɗaura wa jaki shimfiɗa. A Kwanar Dangora, da motar Kano ta tsaya, babu wanda zai ɗaga Kaka ya sa ta a ciki sai mahaifina. Ya sunkuce ta kamar jaririya, ita kuwa ta kawar da kai ta dube ni, ta ce, "Gaya wa wancan mutumin ya yi a hankali, ba buhun dawa ba ce." Ta dawo da sanda da ƙafa ɗaya, ta kuma rayu har ta ga shigata makarantar sakandare.

Yanzu shekaruna hamsin. Na sani cewa irin wannan man yana janyo jini zuwa fata ne kawai, ya ba da ɗumi, ba ya buɗe jijiyar da ta toshe. Na sha tambayar kaina ko waɗannan darare masu daɗi su ne suka mai da asarar yatsa ta zama asarar ƙafa, kuma ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Abin da na tabbatar shi ne ita ba ta ruɗi kanta ba, domin ko sau ɗaya kanwa ba ta taɓa kawar da kukar nan ba a bakinta. Ina jin lokaci take nema, na yin sallama da ƙafar da ta bi shanu a duwatsun Doguwa, da na neman hanyar da za ta ce "na yarda" ga ɗan da ba ta iya yi wa magana.

Ni ina kiran ɗan farina da sunansa, muna cin abinci a tire ɗaya, muna musu a kan siyasa. Watan jiya likita ya auna ƙafafuna ya girgiza kai, kuma har yau ban san ta inda zan faro wa ɗan nawa zancen ba.