Dauriyar da Ta Kusa Mayar da Ni Gida

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Kuma ba wautar ƙuruciya ba ce, domin a lokacin furfura ta riga ta gama rabon fili a gemuna.

Ina aiki ne a wani sito a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, kusa da tashar jiragen ruwa. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma ya ishe ni in karanta lambar kwantena in nuna wa direba inda zai sauke kaya. Kwana kuwa a unguwar International City nake yi, ɗaki ɗaya mu shida, gadaje masu hawa biyu. Saboda girma aka bar mini na ƙasa. Wanda ke samana wani Bahaushen zango ne daga Kumasi, magidanci mai 'ya'ya uku, yana aiki a wani babban otel, a sashen da ake yi wa baƙi tausa. Shi ba ya tausar, tawul yake naɗewa, ya ɗora ruwan zafi, ya kunna turare.

Shekara biyu ina tsokanarsa. Kullum ya dawo sai in tambaye shi yau attajirai nawa aka murza. Shi kuma da gaskiyarsa yakan zauna ya lissafa mini irin abin da ake yi a can: akwai wanda ake jera wa duwatsu masu zafi a gadon baya, akwai wanda ake goge wa jiki da garin kofi, akwai wanda ake shafe shi da laka, akwai ma wanda ake naɗewa da ganyen teku a ajiye shi ya yi minti arba'in. Na ce wannan ai alala ce, saura a zuba manja. Nakan gyara murya in yi masa wa'azi cewa namiji mai iyali bai kamata ya kwanta wani ƙato yana matsa shi kamar ƙullin fura ba. Yakan yi dariya kawai ya ce, "To Baba."

Sai ga shi wata Lahadi wasu samari 'yan Nepal suna fama da kwalin tayil, ni kuma na ga dama ta samu in nuna musu yadda ake ɗaukar kaya a kasuwar Kwari. Na sunkuya na ɗaga. Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, na ajiye kwalin a hankali kamar dama haka na yi niyya, na koma na jingina da bango ina murmushi. Daga ranar ban ƙara miƙewa sosai ba. Ruku'u ya gagare ni, na koma salla a kan kujera. In na hango manaja sai in riƙe takarda in duƙa a kan tebur kamar mai nazari.

Abin da ya hana ni barci shi ne bizata saura mako huɗu ta ƙare, kuma manajan ne zai ce a sabunta ko a sallame ni. Kamfani ba ya riƙe tsoho mai lanƙwasasshen baya alhali samari na layi a bakin ƙofa. Ga 'yata ta fari tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, da wannan aikin nake riƙe da ita. Asibiti kuwa ban isa in je ba, don takardar likita ta hannun kamfani za ta bi.

Mutumin Kumasi ya ga yadda nake saukowa daga gado da rarrafe. Bai rama tsokanar da na yi masa ba, Allah ya saka masa. Ya ce akwai abokin aikinsa, Musulmi ne daga Indonesiya, hannunsa na da albarka, zai roƙe shi ya zo ranar Juma'a, ranar hutunsa ke nan ɗaya tilo. Na ce to, amma a sani magani zan karɓa, ba tausa ba. Ya ce duk sunan da na ga dama in sa mata.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga su. Abokin nasa mutum ne ɗan gajere, siriri, in ka gan shi ka ce iska za ta ɗauke shi, sai dai yatsunsa kamar turmi ya haife su. Muna shan shayi mutumin Kumasi yana yi mana tafinta, baƙon ya ba ni labarin garinsu. Wani ɗan tsibiri ne da za ka zagaye shi da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, babu mota ko ɗaya, sai keke da amalanken doki. Turawa ke zuwa daga ko'ina su goya tulun iska a baya su nutse ƙarƙashin teku, wai don su kalli kifi da kunkuru. Na ce a kalla kawai, ba a kamawa? Ya ce ko taɓawa ba a yi. Na jinjina wannan asara. Ya ce da yamma in sun fito, bayansu ya gaji da nauyin tulun, sai su bi rumfunan da ke bakin ruwa: wata rumfar ƙafa kawai ake matsawa, wata a shafa wa wanda rana ta ƙona ruwan wani ganye mai sanyi, wata kuma tausar gaske da man kwakwa. A irin ta ƙarshen ya yi shekara tara, a wajen kakarsa ya koya, ita kuma masunta take gyarawa tun kafin Turawa su san hanyar wurin.

Ya shimfiɗa tawul a ƙasa, na kwanta rubda ciki, ya yi bisimilla. Ya ce zai bi bayana gaɓa-gaɓa, duk inda ya yi zafi in faɗa.

To a nan ne wautar take. Mu a garinmu, tun ranar da aka kai ka gaban wanzami ake koya maka cewa namiji ba ya cewa wash. Mahaifina an yi masa ƙaho goma sha biyu a zaune yana cin goro yana ba da labarin kasuwa. Wanda ya yi nishi a hannun wanzami, 'yan mata sai sun sa shi a waƙa. Yanzu ni, a gaban ɗan zango da baƙon da bai kai kafaɗata ba, in buɗe baki in ce zafi? Ya danna nan, na ce mafi mushkila, wato babu matsala. Ya danna can, mafi mushkila. Da babban yatsansa ya sauka a saman ƙuguna na hagu, wallahi sai da na ga garinmu da kasuwarsa da masallacin Juma'a. Na ciji matashin kai, na tattaro sauran numfashina na ce mafi mushkila. Bawan Allah ya gaskata ni ya wuce. Awa guda ya ɓata a kan kafaɗuna da babu abin da ya same su. Da ya gama ya wanke hannu cikin damuwa, ya ce shi bai sami komai a nama ba, watakila ciwon a ƙashi yake, lallai in je asibiti a ɗauki hoto.

Na kwanta ina jin na kare mutuncin garinmu, bayana kuwa yana nan yadda yake, mako ɗaya ya tafi a banza.

Washegari mutumin Kumasi yana gyara ɗaki ya ɗaga matashin, ya ga rigar matashin ta huje, ga shatin haƙora a jere. Ya juyo gare ni. Ya ce mutumin nan bas biyu ya hau ya zo, ya bar wankinsa da kiran iyalinsa, ni kuma na yi masa ƙarya da bakin da na yi sallar Juma'a da shi. Na roƙe shi ya ba shi haƙuri, in zai yiwu ya dawo.

Ya dawo kuwa, ko fuska bai ɓata ba. Kafin ya taɓa ni ya sa aka fassara mini magana ɗaya. Ya ce a tsibirinsu abin da ake fara koya wa mai nutso shi ne, in wani abu ya dame ka a ƙarƙashin ruwa ka nuna nan take. Mai ɓoyewa don kada a raina shi, shi ake fitowa da shi a kwance.

Wannan karon da yatsan ya isa wurin, na saki murya. Ya ce alhamdulillah, kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata. Ashe wani ƙulli ne a naman, ya ce girmansa bai wuce goro ba. Ya zuba man kwakwa mai ɗumi, ya kafa gwiwar hannu a kai, ya yi ta murzawa. Abin da na faɗa a wannan awa, da Hausa da Larabci da wani yaren da ni ma ban san na iya ba, ba na rubutawa ba ne.

Juma'a biyu ya ƙara zuwa. Ya koya mini in kwanta in jawo gwiwa zuwa ƙirji kafin in tashi, kuma in daina gasa da 'yan Nepal. Ranar da na yi ruku'u na kuma kai goshina ƙasa ba tare da kujera ba, na daɗe a sujada ina ambaton wani ɗan tsibiri da ban taɓa gani ba, da wata tsohuwa mai gyaran masunta. Manaja ya gan ni ina hawa bayan kwantena da ƙafafuna, ya karɓi fasfo ɗina aka buga mini shekara biyu. 'Yata ta gama karatunta. Abin da na iya ba mutumin tsibiri shi ne ƙunshin kilishin da aka aiko mini daga gida. Ya ci yana hawaye saboda yaji, ya ce a ƙaro. Har yau in na sunkuya ɗaura takalmi sai na yi masa addu'a.

Amma hali ba ya barin mai shi. Ranar da biza ta fito na sayo nama muka yi dafa-duka a ɗaki, har da baƙi 'yan Kano biyu. Da ciki ya ɗauka sai na gyara zama, na fara bayyana musu cewa tausa dai ta taimaka shwayya, wato ɗan kaɗan, amma asalin abin da ya tashe ni jinin gidanmu ne, mu ba a san mu da raki ba, ko wanzami ya shaida.

Mutumin Kumasi bai ko ɗago daga kwanonsa ba. Ya ce, "Haka ne Baba. Shi ya sa ran nan matar ɗan Chana ta bene na uku ta sauko tana tambaya, mace aka samu ko namiji."