Biba da Mussoshin Madam Shamsiyya

Biba mutuniyar Garhanga ce, amma ta haura shekara talatin a Keita. Aure ne ya kawo ta. Mijinta Alƙasim magini ne, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da ɗiya mata uku, waɗanda duk sun yi aure. Tana amarya ta yi aikin ɗaukar dutse, lokacin da mata ke fita tun da sassafe suna jera duwatsu a gangaren tsauni don a tare ruwa, shi ya sa har gobe in hadari ya haɗu za ta gaya maka ta inda ruwan zai bi. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ta koma wankau a gidajen ma'aikata. An san ta da riƙon amana, an kuma san ta da taurin rai. Ta taɓa kashe kububuwa da taɓarya, kuma ita ake kira wankan gawa in mace ta rasu a unguwa.

Abu ɗaya ne ke kaɗa mata hanji, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba. Mage, wadda mutanen Adar ke ce wa mussa.

Tana da shekara shida kakarta ta zura ta cikin rumbu ta miƙo damin gero. Ashe wata mussa ta haihu a ciki. Cikin duhun nan abin ya dira mata a fuska, sai da aka jawo ta jina-jina. Kakar, wadda ta tashi a gidan bori kafin ta kama salla, ta ce ai ba dabba ba ce, mai rumbun ne aka taka. Biba ta girma ta san zancen tsofaffi ne, amma jikinta bai taɓa yarda ba. Ko kukan mussa ta ji daga nesa sai tafin hannunta ya jiƙe da zufa.

Cikin masu ba ta wanki akwai Madam Shamsiyya, ungozoma a likita, wato asibitin garin, mutuniyar Madawa. Madam tana da mussa uku: wani baƙi ƙato, wata tsohuwa mai yagaggen kunne, da wata fara da take kira Minu. Kullum a ƙofar gida Biba ke yin wankin, a gindin dogon yaro. Takan ce can ya fi iska.

Wata safiya cikin damina Madam ta fito ta tsuguna kusa da ita.

"Inna Biba, na samu konje, hutun sati ukku. Yamai za ni wurin maigida. Ina so ki duba min mussoshina sahe da marece. Ba alfarma ba ce hwa, aiki ne na ɗauke ki, zan biya."

Sabulu ya suɓuce daga hannun Biba. "Madam, babu wani?"

"Wa zan ba makullin gidana in ba ke ba?"

Wannan matar ce ta kwana tsaye kan autar Biba ranar da haihuwa ta zo da gardama. Da wane baki za ta ce a'a? Ta karɓi makullin ƙofar gida ta ɗaure a bakin zane. Ɗakunan ciki Madam ta kulle su ta tafi da nasu.

Ranar farko sai da ta yi bisimilla sau uku kafin ta tura ƙofa. Tana shiga suka taso mata su uku, jela a sama, suna kuka. Ta manne da bango. Ta zuba tuwo da busasshen kifi a kwano, ta samu dogon kara ta tura musu daga nesa, ta fita da baya-baya. Rana ta huɗu baƙin ya zagayo ta baya ya goga jikinsa a ƙaurinta. Ba ta yi ihu ba, don muryar ma ba ta fito ba. A waje ta tsinci kanta, takalmi ɗaya a ƙafa. Malam Barmo tela, maƙwabcin Madam, ya ɗago kai daga kekensa ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce jiri ne.

Duk kwana biyu Madam na kira a waya. "Inna, ya ɗiyana?"

"Lahiya lau suke, Madam," in ji Biba, ita kuwa har ta fara ramewa.

Rana ta tara Minu ba ta zo wurin kwano ba. Biba ta ji wani siririn kuka daga magaza, tsohon ɗakin ajiya da ke ƙuryar gidan, wanda shi kaɗai ne ginin ƙasa. Ta leƙa ta tsagar ƙofa. Minu ce kwance cikin kwali bisa buhunan gawayi, ta haifi huɗu. Da ta ga Biba sai ta kwantar da kunnuwa ta yi huci. Biba ta dire abincin a bakin ƙofa ta bar wurin. Amma idonta na matar magini ya riga ya ga abin da ya gani: gindin bangon baya ya zaizaye, ga tsaga ta hau har kusa da azara.

Bayan kwana uku, ana idar da la'asar, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Biba na zaune a ɗakinta tana sauraron yadda yake dukan tol ɗin rufi, tana lissafin hanyarsa. Daga tsauni zai gangaro, ya bi bayan lakwal, makarantar yara, ya faɗa lungun da ya ratsa bayan gidan Madam. Bangon magaza zai fara samu.

Ta ce wa kanta dabba ce. Ta ce uwarsu za ta kwashe su. Ta tashi ta zauna, ta sake tashi. Can ta kifa tasar wankinta a ka ta fita.

Ruwan lungu ja ne, ya kai mata ƙauri, yana jan ƙafa. Malam Barmo na bakin zaurensa yana kwalfe ruwa da ƙwarya.

"Biba! Ina za ki cikin wanga ruwa?"

"Magazar Madam za ta hwaɗi, akwai jinjiraye ciki!"

"Na wa?"

"Na mussa!"

"Ke, koma gida! Dabba ta san hanyar kanta!"

"Masu ido sun sani. Waɗanga ko idon ba su buɗe ba. Taho ka kama min!"

Ya nuna mata ruwan da ke kwarara cikin shagonsa, inda ɗinkin mutane yake. Ta wuce ita kaɗai.

Baƙin da tsohuwar sun haye taga a barandar siminti, ba abin da ya same su. Ƙofar magaza ta kumbura, sai da ta sa kafaɗa. Ciki duhu, ga warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Laka na ɗiga daga rufi, ruwa na tsartuwa ta tsagar bango, azara na wata ƙara kamar ana taka busasshen kara. A tsakiyar duhun idanu biyu kore suna kallonta.

Taku huɗu ne tsakaninta da kwalin, amma ta tsaya tasa a hannu, haƙoranta na haɗuwa. Ta fara Ayatul Kursiyyu ta rikice a tsakiya, ta koma farko. Wani ɓangaren yaɓe ya ɓallo ya faɗo mata a kafaɗa. Shi ne ya tura ta gaba.

Ta kwance mayafinta ta jefa kan Minu, ta rungumo kwalin. Ashe gindinsa ya jiƙe. Ya ɓarke, ƴaƴan suka zube, wasu kan buhu, wani cikin ruwa. Ta saki salati ta shiga lalube da hannu. Ta taɓa abu mai laushi, mai ɗumi, yana motsi, duk tsikar jikinta ta tashi, amma ta jefa shi cikin tasa. Ta samu na biyu. Tana kai hannu ga na uku Minu ta kuɓuce daga mayafin ta kafa mata haƙora a wuyan hannu, ta maƙale. Wannan karon ihun ya fito. Ta yarfe ta, ta tsamo na ukun daga ruwa. Tana laluben na huɗu bangon ya yi wata irin ajiyar zuciya, haske ya shigo ta inda babu taga.

Ba ta san yadda ta fita ba. Tana tsakiyar gida ta ji rugugi a bayanta. Da ta waiwaya, rabin magaza ya zama tudun laka. Minu na tsaye gefenta, jiƙe sharkaf, tana kallon tasar tana kuka.

Babu busasshen wurin da za ta ajiye su a gidan, tunda ɗakuna na kulle. Haka ta ɗora tasar a ka ta nufi gidanta, jini na bin gwiwar hannunta, uwar na biye da ita kan katangu. Ta bar musu ɗakinta da katifarta, ta koma ɗayan ɗakin ta tokare ƙofa da turmi. Washegari Malam Barmo ya raka ta likita aka wanke ciwon aka yi mata allura.

Abin da ya fi damunta shi ne na huɗun. An ba ta amana ta kasa cikawa. Wuni guda tana juya wayar a hannu kafin ta kira.

"Madam, magaza ta hwaɗi. Minu ta haihu huɗu, ukku na hidda. Guda ya rage ciki. Ki gahwarce ni."



"Inna, ke da kanki kika shiga? Cikin ɗakin da ke hwaɗuwa?" in ji Madam. "Da ya danne ki, mi zan ce ma ɗiyanki?"

Sai a lokacin Biba ta fashe da kuka, cikin kukan kuma ta faɗi abin da ta ɓoye shekara hamsin, cewa ita fa duk duniya ba abin da take tsoro kamar mussa. Madam ta yi ta salati, ta ce da ta sani da ko kusa ba ta roƙe ta ba.

Kwana tara suka yi a gidanta. Ƴaƴan suka buɗe ido a kan katifarta, ita kuwa ba ta daina tura musu kwano da kara ba. Da Madam ta dawo ta ce ta zaɓi guda cikin ukun. Biba ta ce ta gode, Allah ya raya su a can inda suke.

Da kaka aka yi wa Madam canjin wurin aiki zuwa Buza. Biba ce ta wanke mata kaya ta ɗaure, ta raka ta tasha ɗauke da akwati a ka. Mussoshin shida suna cikin kwali biyu da aka huda wa ramuka, waɗannan kam Malam Barmo ne ya ɗauko. Aka ɗora su a bayan mota suna ta kuka. Biba ta tsaya nesa kaɗan, ta ce wa direba kada ya aza musu buhu a kai, kuma in rana ta yi zafi a hanya ya tsaya a ba su ruwa.