Buhun Irin Yaya a Gangaren Adar

Mun tashi da asuba daga Konni, ana sallame salla muka ɗora ƙafa a feda. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina mahauci, mutum mai jiki wanda kekensa ke kuka tun kafin ya hau, da wani abokina mai gyaran rediyo, siriri, mai yawan shawara. A bayan kekena akwai buhun irin gero, shi ne dalilin tafiyar.

Yayata tana aure a wani ƙauye kusa da Illela. Illela ta Adar nake nufi, ba wadda ke nan tsallaken iyaka ba, don da na ce wa mahauci ya raka ni ya amsa da sauri, ashe ya ɗauka ta kusa ce. Mijin Yaya ya rasu a cikin shekarun farin nan da suka wuce, yunwa kuma ta sa ita da 'ya'yanta suka cinye har damin iri. Sai ga wani direban kamyo, babbar motar ɗaukar siminti, ya kawo mini saƙo cewa an yi ruwan shuka a wajensu, kowa ya fita da sungumi, ita kaɗai ke zaune. Wanda ya taɓa noma ya san danshin ruwan farko ba ya jira. Motar da ke shiga wajensu sai ranar kasuwa, kafin nan ƙasa ta bushe. Shi ya sa na sussuke nawa irin, na auna mata rabi da tiya, na ce keke zai kai.

Daga Konni zuwa Tsarnawa hanya shimfiɗe take, iska mai sanyi, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A mararraba muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Ƙosan bana ya ƙanƙance, kuɗin kuwa yana nan yadda yake, mahauci ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai tuya ko ita ma ƙosanta fari ya taɓa shi. Ta ce in ya ga ya yi masa kaɗan ya mayar mata. Bai mayar ba.

Da hantsi muka hango hayaƙin luzin Malbaza, wato masana'antar siminti, farin gari ya lulluɓe itatuwan gefen hanya. Kamyoyi suna wuce mu suna hura mana iska, kowane ya wuce sai mun saki hanya mun faɗa yashi. Can gaba muka bar babbar hanya muka kama ta marmara, daga nan ƙasa ta fara tashi.

Jama'a, mutumin Konni bai san hawa ba. Mu tudun da muka sani shi ne na bakin kasuwa. Tudun Adar kuwa baƙin dutse ne, kana ganin kansa kamar ga shi nan, ka kai wurin ka tarar da wani a bayansa. Hawan farko na miƙe tsaye a kan feda, nauyin buhu ya ɗaga ƙafar gaba sama, saura kaɗan in kwanta rigingine. Mai rediyo ya ce a yi ta karkacewa hagu da dama, hawan zai yi sauƙi. Ya gwada, ya karkace har cikin kwazazzabo. Mahauci bai yi gardama da kowa ba, ya sauka ya kama turi, gumi na zuba ta gemunsa, yana ambaton Illelar da ya so zuwa. Daga ƙarshe duk muka bi shi. A garinmu babba ya tura keke abin kunya ne, amma a can babu mai ganinmu sai awaki.

Duk da wahalar, in ka juya baya sai zuciyarka ta yi sanyi. Kwari ne shimfiɗe har iyakar gani, mutane ƙanana-ƙanana a jere cikin gonaki, mai sara a gaba, masu zuba iri a baya suna rufewa da diddige. An daɗe ba a ga haka ba. Ni dai ina kallo ina tuna gonar Yaya da babu kowa a ciki.

Bayan azahar muka kai kan tudu na ƙarshe. Akwai wani tsoho makiyayi a gindin aduwa, ya ba mu ruwa a salka. Ya dubi kekunanmu, ya dubi gangaren da ke gabanmu, ya ce, "Samari, ina birkinku?"

Babu mai birki a cikinmu. A Konni in robar birki ta cinye ba mai sake ta, takalmin taya ake dannawa a kan ƙafar gaba, keke ya tsaya. Muka nuna masa takalmanmu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce mutanen nan in za su gangara da kaya sukan yanki reshen sabara mai ganye su ɗaura da doguwar igiya a baya, yana jan ƙasa yana riƙe keke. Sabara tana can nesa, aduwa kuwa ga ta a kanmu. Mai rediyo ya ce ƙaya ma ta fi kama ƙasa. Igiyata kuma ta ƙare a ɗaurin buhu, guntuwa ta rage, na yanki reshen aduwa na ɗaura da ita haka nan. Tsoho ya ce, "Ta yi gajarta, ɗana." Na ce, "Baba, rana na tafiya."

Gaskiya dabarar tana aiki. Na gangara ina jin reshe na ƙara a bayana, keke na tafiya a hankali, har na fara waƙa. Ban san cewa duk dutsen da reshen ya taka sai ya yi tsalle ya caki buhu ba. Mahauci na bayana yana ta kira, na ɗauka murna yake. Sai da na kai gindin tudu, inda yashi ya fara, na ji keke ya yi mini sauƙin da ban gane ba. Na waiga, ga gero yana tsiyaya, ga layinsa ya bi hanya ya hau har inda ido ya ƙare.

Na zauna a ƙasa na rungume buhun, abin da ya rage bai fi rabi ba. Muka yi ta tsince har muka ga ba ya tsintuwa cikin yashi da tsakuwa. Wallahi na yi hawaye, ban ɓoye ba. Mahauci ya cire rawaninsa ya naɗe buhun.

Mun shiga ƙauyen da la'asar sakaliya. Yaya ta rame, amma muryarta na nan. Na faɗa mata abin da ya faru kaina a ƙasa. Ta zura hannu cikin buhun ta damƙo, ta shinshina, ta ce, "Kai dai tun kana ƙarami gaggawa gare ka. Tashi ka ɗauki sungumi, da sauran rana."

Muka yi shuka har magariba, washegari muka ɗora. Maimakon a zuba da yawa a rami kamar yadda aka saba, Yaya ta ce a riƙa tsunkulo kaɗan. Duk da haka iri ya ƙare gefen gabas na gonar bai samu ba. Ta tsaya ta dubi wurin, ta ce Allah ya sa albarka a abin da ya shiga ƙasa.

Muka ƙara kwanaki muna gyara mata darni da rufin rumbu, aka kuma sake yin ruwa mai kyau. Ranar da muka kamo hanyar gida, da muka iso gindin tudun nan sai mahauci ya ja ya tsaya. Siririn layi ne kore shar a gefen hanya, tsiron gero cunkus, ya bi yashi ya hau gangaren. An kuma jera masa rassan ƙaya a kai tun daga ƙasa har inda dutse ya fara.

Muka tarar da tsohon a gindin aduwarsa. Ya ce shi ya rufe saboda awaki, nasa da na mutane. "In ya kai taƙi, a gaya wa mai shi ta zo ta cira ta yi dashe. Ya isa gefen gona."

Na bar abokan tafiyata a nan, na juya na sake gangarawa, a ƙasa wannan karon, ina riƙe da kekena. Da na gaya wa Yaya sai ta ajiye taɓarya ta rufe fuska da zane. Can ta ce, "To me kake jira? Tafi gida, iyalinka na jiranka."

Mun iso Konni bayan la'asar, cinyoyi sun yi tsami, mahauci ya rantse daga yau in aka ce Illela sai ya tambayi wacce. Abin da na koyo shi ne mun tafi muna tsoron hawa, gangara ce ta cuce mu, kuma in mutumin wuri ya ce igiya ta yi gajarta, a tsaya a nemo doguwa. Washegari na kai kekena aka sa masa birki gaba da baya. Zan koma ranar dashe, na kuma saya wa tsohon nan goro da sukari.