Koren Maɓallin Mama

A shekarar da na fara aiki a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Pantami, ni ne mai kula da kwamfutoci. Wata rana wani fayil mai ɗauke da cutar kwamfuta ya shigo ta filasha ya lalata tambayoyin jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Da na bincika, sai na ga ta makro cutar ta bi. Makro wasu 'yan umarni ne da ake rubutawa a cikin fayil na manhajar jadawali, mutum ya danna maɓalli ɗaya su yi masa aikin da zai wuni yana yi. Mutumin kirki yana rubuta su, mugu ma yana rubutawa.

Shugaban makaranta ya ce in toshe hanyar. Ranar Asabar, ba kowa, na bi kwamfutocin ɗakin malamai na shiga saitin tsaro. Akwai zaɓin da ke hana makro amma ya nuna gargaɗi, akwai kuma wanda ke hana su shiru, ba wata sanarwa. Na zaɓi na shirun, don na san malamanmu, duk gargaɗin da ya fito danna amincewa suke yi ba tare da sun karanta ba. Na kulle ɗakin, na hau acaɓa na koma gida Shamaki, ban gaya wa kowa abin da na canza ba.

A cikin malaman akwai wata dattijuwa mai koyar da ilimin halittu, 'yar Tangale, gidanta a Herwagana. Kowa Mama yake ce mata. Idonta ya yi rauni, amma kowane zango ita ce ta farko wajen miƙa sakamakon ɗalibai. Wannan zangon ta makara ƙwarai, har shugaba ya yi mata faɗa a taron malamai, a gaban yaran da ta koyar suka dawo suna koyarwa. Ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Ina wurin, ina latsa waya.

Washegari da aka fita tara, na tarar da ita ita kaɗai a ɗakin malamai, kalkuleta a hannu, hancinta ya kusa taɓa allon kwamfuta.

"Mama, lafiya? Ko kwamfutar ce?"

"A'a ɗana, ni ce na ɓata abin. Ban san me na taɓa ba."

Ta nuna mini wani koren maɓalli a saman shafin. Ta danna, ba abin da ya motsa. Ta ce maigidanta ne ya yi mata shi bayan ya yi ritaya, kafin ya rasu. Idan ta danna, rubutun yakan yi girma yadda za ta iya gani, makin ya haɗu da kansa, a ƙarshe wani ɗan akwati ya fito da saƙo da yarensu.

"Me saƙon yake cewa?"

"Cewa yake, kin gama, tashi ki sha ruwa."

Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta kira ni ba.

"Kunya na ji. Abin da ya bar mini, na lalata da hannuna. Na kai wani shagon kwamfuta, suka ce in goge fayil ɗin, na ƙi."

"Mama, ba ke ba ce. Ni na rufe shi, a duk kwamfutocin."

Ta cire tabarau ta dube ni na ɗan lokaci. Babu fushi a fuskarta, kuma da akwai da na fi samun sauƙi.

"Da ka faɗa mana," ta ce.

Na jawo kujera na buɗe umarnin na karanta layi-layi. Babu wani abin cutarwa a ciki. Na buɗe sabuwar folda, na shigar da ita cikin wuraren da manhajar ta amince da su, na mayar da fayil ɗin can. Na ce ta gwada. Ta danna, rubutun ya kumbura, makin ya jeru, akwatin ya fito. Ba ta rufe shi ba, sai kallonsa take yi. Na tashi na fita baranda na tsaya har aka buga ƙararrawa.

A ranar na mayar da sauran kwamfutocin kan zaɓin da ke nuna gargaɗi, na bi malamai ɗaya-ɗaya ina nuna musu lokacin da ya kamata su amince. Na kuma je ofishin shugaba na gaya masa abin da ya makarar da Mama. Ya ce, "To, Allah Ya kyauta," ya ci gaba da rubutunsa. A taro na gaba na yi ta jira ya ce wani abu a kanta, bai ce ba. Na ɗaga hannu na yi bayani da kaina, amma lokacin an fara tattara jakunkuna, ban san ko mutum nawa suka saurara ba.

Mama ba ta ƙara tayar da maganar ba. Sai dai har na bar makarantar, duk sanda na zo kusa da teburinta da filasha a hannu, takan ɗora tafinta a kan madannan kwamfutar tana murmushi, ta ce, "Ɗana, yau kuma me za ka rufe?" Nakan yi dariya, sannan in zauna in yi mata bayanin duk abin da zan taɓa, sai ta ce to, sannan in fara.