Na Kai Rahma Yanbu Ta Ga Yadda Ake Toshe Teku

Ƙas! Ƙarar karyewar fensir na ji daga kicin. Na leƙo, sai ga ɗiyata Rahma tana kuka. Ranar Lahadi za ta tsaya gaban aji ta bayyana yadda Faransa ta taimaki Amurkawa suka ƙwaci kansu daga Ingila, kuma sau biyu tana kakarewa. In ta sake, ta faɗi jarrabawa.

"Ma fihimt, ya Ummi! Ta yaya jirgin ruwa zai ci yaƙin tudu?" Da Larabci ta faɗa, kamar kullum, wai ba ta gane ba. Na san darasin tun ina lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, amma yarinyar Madina ce, ba ta taɓa ganin teku ba.

Madina zuwa Badar

Ranar Asabar, ƙarfe biyar da rabi, bayan Asuba, muka shiga tasi a unguwar Anbariyya. A shinge ɗan sanda ya duba iƙamarmu, takardar izinin zama.

"Hajja, ziyara?" in ji direba, wani dattijo ɗan Kano.

"Karatu, Baba, a bakin tekun Yanbu."

"Kifi ne zai koyar?" Muka yi dariya. Bakwai da kwata muka ci ful da tamis, wato wake da burodi, a Badar, na yi wa shahidai addu'a.

Yanbu

Takwas da rabi yayana Sani, mai aiki a matatar mai, ya kai mu gaɓa. Jirage sun yi layi a mashigar tashar jiragen ruwa.

Na ce, "Rahma, a ce mu ne sojan Ingila. Bayanmu Amurkawa da Faransawa sun kewaye mu. Abinci da albarushi ta ina za su zo?"

Ta nuna ruwa.

"To in waɗancan jiragen na Faransa ne, sun tsaya a ƙofar?"

Ta dubi jiragen, ta daka tsalle. "Khalas, shi ke nan! Sai mu miƙa wuya!"

"Sojan Ingila, zo ki ci kifi kafin a kama ki," in ji kawunta.

Gida

Da Magariba muka iso lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Sani da direban nan.

Ranar Lahadi tun daga matakala nake jin gudunta. Ta faɗo jikina, ta ce da Hausa tsantsa:

"Inna, ban kakare ba! Malama ta ce wa ya koya mini, na ce uwata ce ta kai ni ta nuna mini."