Carbin Baba da Bushewar Idona

Ɗinkin hula ne sana'ata, kuma a wajen gwaggona, ƙanwar Baba, na koya tun ina 'yar shekara goma. Gwaggo tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa: in kin ɗora allura a kan layi, ba ki ƙifta ido sai kin kai ƙarshensa. Hujjarta ita ce ɗinkin hular zanna ƙirgen silin yadi ne, ki tsallake uku ki ɗauki biyu, ƙiftawa ɗaya tana iya ɓatar miki da wurin da kike, zanen ya karkace. Duk wadda ta kama tana ƙifce-ƙifce sai ta sha ranƙwashi. Na sha nawa har na ƙoshi, na kuma fito gwana. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗinki ido a ƙafe kamar na kifi, har alfahari nake yi da hakan.

Lokacin da abin ya same ni muna zaune a Bukan Sidi, Lafia tana cikin jihar Filato tukuna. Maigida yana sayar da riɗi da agushi a kasuwa, yaranmu uku suna firamare, Baba kuma yana tare da mu. Baba makaho ne. Noma ya yi a bakin rafi can wajen Adogi, cizon ƙudan rafi ya cinye masa gani a hankali, ina budurwa ya daina gani ɗungurungum. Da mahaifiyata ta rasu sai na ɗauko shi. Mazauninsa rumfar ƙofar ɗakina, yana ɓarar agushi da yatsu, in ya gaji ya ɗauki carbi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Cikin zafin bazara ya fara. Na tashi da safe na ji kamar an zuba mini yashi a ido. Na wanke, na murza, na sa babbar 'yata ta hura mini, ba abin da ya fito. Kwana biyu, mako guda, yashin yana nan. In na zauna ɗinki, kafin in gama layi huɗu ido ya ɗauki raɗaɗi, zare ya yi dishi-dishi, sai kuma ruwa ya ɓalle yana bin kumatu. Na ƙara kwalli, don mun taso ana cewa kwalli maganin ido ne. Maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Alago mai kirki, ta kawo mini gishirin Keana a ƙullin leda ta ce in jiƙa in riƙa wankewa. Na wanke sau ɗaya, na ga taurari da rana tsaka. Na yi mata godiya, gishirin ya tafi tukunyar miya.

Maigida ne ya matsa sai na je asibiti, ranar da likitan ido yake zuwa daga Jos, ya kuma raka ni. Baba muka ce wa kasuwa zan je sayen zare.

Nas ɗin da ta karɓi katina 'yar ƙabilar Eggon ce, mai fara'a, a Hausarta mace da namiji duk "ka" ne. "Madam, zauna nan, ka duba sama," in ji ta. Likita ya haska mini ido, ya sa na karanta alamomin da ke jikin bango, na karanta har na ƙasa-ƙasa. Daga nan ya maƙala mini 'yar siririyar takarda a cikin fatar ido ta ƙasa, kowane ido ɗaya, ya ce in rufe in jira. Da ya cire ya nuna mini. Bakin takardar kawai ya ɗan jiƙe.

Ya ce idona ne ya bushe. Na ce, likita, idon da nake share wa ruwa da gefen zane wuni guda? Ya yi murmushi ya ce wancan ruwan na kukan neman agaji ne, yana zuba ya wuce. Danshin da ya kamata ya zauna a kan ido yana lulluɓe shi, shi ne ya yi ƙaranci. Ya tambayi aikina, na faɗa. Ya ɗan zuba mini ido muna magana, sai ya ce, "Kin san tun da kika zauna sau biyu kacal kika ƙifta?" Na ji wani daɗi a raina, sakarya, na ɗauka yabo ne.

Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce hawaye ne na kwalba. In guji hayaƙin murhu, kada in zauna fanka tana bugun fuskata, in ajiye kwalli, in riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a kan ido da safe, in kuma riƙa tsayawa cikin ɗinki ina ƙiftawa ina hutar da ido. Na tambaye shi kwana nawa zan yi in warke. Ya ce, "Wannan ba irin wanda ake warkewa a manta ba ne. Lallaɓa shi ake yi. Amma in kin kula da shi ba zai hana ki gani ba." Nas ta ƙara da cewa, "Ba wahala, madam, ka sa magani kullum, shi ke nan."

Duk cikin jawabin nan abu ɗaya na ɗauko na kawo gida: ba a warkewa. Sauran na bar musu a can. Ni da na ga yadda aka yi da Baba, na tuna ana ce masa ba komai, zai washe. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa likita lallashina kawai ya yi, makanta ce ta biyo jini.

Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma na rasa wanda zan faɗa wa. Maigida ya ji daga bakin likita cewa ba komai, hankalinsa ya kwanta. Baba kuwa ko kusa. Mutumin da ni ce idonsa, ni nake kai shi bakin masallaci, ni nake gaya masa in hadari ya haɗo, yaya zan buɗe baki in ce masa nawa ma sun kama hanya? Maganin ma a bayan ɗaki nake ɗigawa kamar mai satar nama.

Kullum da safe sai na gwada kaina. In rufe ido ɗaya in ƙirga layukan kwanon gidan maƙwabta, in rufe ɗayan in sake. Ranar da suka fito daidai in ce yau na tsira, ranar da ido ya yi hazo in kasa cin abinci. Maganar tsayawa a ƙifta kuwa ban ko gwada ba. Sai ma na ƙara wa ɗinkin wuta, wai in gama hulunan mutane kafin duhu ya rufe. Ido kuwa ya ƙara ɓaci, na ce to ga shi nan, abin da nake gudu ya matso.

Daga nan na shiga wata sabuwar wauta. Da hantsi, in gida ya yi shiru, yara suna makaranta, sai in rufe ido in koyi tafiya. Daga bakin gado zuwa ƙofa taku biyar. Daga ƙofa zuwa randa taku tara, hannu yana bin bango. Daga randa zuwa madafa goma sha biyu, akwai turmi a hagu. Na ce gara in iya tun da sauran haske, don in ranar ta zo in iya dafa wa Baba tuwo ko da lalube. Ban damu da shi yana zaune a rumfa ba. A tunanina ai ba ya gani.

Rana ta huɗu ko ta biyar, ina tsakanin randa da madafa, na ji ɓarar agushi ta tsaya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Wannan tafiyar tawa ce. Me take yi a ƙafarki?"

Na buɗe ido na tsaya cak. Na ce tsintsiya nake nema. Ya ce mai neman tsintsiya ba ya jan ƙafa, ba ya shafa bango, ba ya ƙirga taku a ƙarƙashin numfashi. Ya daki tabarma da tafin hannu ya ce in zo in zauna. Na zauna, na faɗa masa komai, tun daga yashin har takardar likita, har ƙaryar sayen zare.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce tun ranar da ya daina jin ƙarar buɗe tandun kwalli da safe ya san akwai magana, shi ma kwanakin nan tuwo ba ya wuce masa. Sai ya shiga yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali.

"Jikinki yana ƙaiƙayi, irin wanda za ki sosa da dutse?"

"A'a."

"Akwai ƙulli-ƙulli a ƙugunki ko a haƙarƙari?"

"Babu."

"Kin taɓa kwana a gonar bakin rafi?"

"Ka san ba ka taɓa bari na je ba, Baba."

"To ɗauko allura, mafi ƙanƙanta."

Na ɗauko. Ya ce in zura zare yana ji. Na zura a karo na farko, na sa masa a hannu, ya shafa ya tabbatar.

"Ni shekara bakwai kafin in makance na daina ganin kafar allura," in ji shi. "Ciwona na san shi kamar yadda na san sunana. Wannan naki ba shi ba ne. Me likitan ya ce ki yi?"

Na lissafa masa. Da na zo kan maganar ƙiftawa, na ce wannan kam ba zai yiwu ba, ɗinki zai ɓaci. Sai Baba ya kama dariya, har da tari. Ya ce, "Dokar gwaggonki! Allah ya jiƙanta. Ita da ta kafa dokar, ba ki ga kullum idonta ja wur kamar gauta ba? Mu muna cewa faɗa ne ya sa." Ni ma na yi dariya, karo na farko cikin makonni, don da gaske haka idon Gwaggo yake, kuma ban taɓa haɗa biyun ba.

Ya ce in ɗauko ɗinkin in zauna kusa da shi. Ya ture ƙwaryar agushi, ya ɗauki carbi. "Duk inda na kai talatin da uku zan yi magana. Ki soke allura a inda kike, ki rufe ido sai na ce buɗe."

Ranar farko na ji haushi ƙwarai. Ina tsakiyar layi, hannu ya ɗauki zafi, sai in ji, "Ƙifta, Uwata." In ce saura kaɗan. Ya ce shi bai san saura kaɗan ba. Dole in soke allurar, in rufe ido, in zauna ina jin kukan kaji da ƙarar injin niƙa na bayan layi. Abin mamaki, in na buɗe, allurar tana nan a silin da na bar ta, ba abin da ya ɓace. Shekara ashirin ina azabtar da idona a kan abin da soke allura kawai yake magancewa. Na ji kunya, na kuma ji haushin Gwaggo, na yi mata addu'a duk a zama ɗaya.

Kwalbar magani ta baro bayan ɗaki ta dawo aljihun Baba. Shi yake tuna mini bayan kowace salla. Ya sa maigida ya matsar da murhu can ƙarshen tsakar gida, ya hana ni zama gaban fanka, in ya ji na kunna sai ya ce shi sanyi yake ji, alhali gumi yana bin wuyansa. Yashin bai tafi gaba ɗaya ba, har yau bai tafi ba. Akwai ranakun da nake tashi fatar ido a manne, tsoron ya leƙo. Amma na daina ƙirga kwanon maƙwabta. In abin ya motsa sai in ce, Baba, yau ido ya tashi da rigima. Ya ce, to a ba shi haƙuri da ruwan ɗumi.

Shekara shida muka yi a haka. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ina riƙe da makahon uba, ni kuwa ba na iya yi musu bayanin wane ne yake riƙe da wani. Ko da ciwo ya kwantar da shi, murya ta shige, yana daga ɗaki ina daga rumfa, sai in ji ya ƙwanƙwasa ƙafar gado da carbin. Na san ma'anarsa.

Ya rasu da damina, bayan an fara cin sabuwar doya. Ranakun zaman makoki mata suna ta kallona, don idona a bushe yake, ja kawai ya yi. Wata dattijuwa ta ce in daina danne zuciya, in yi kuka in huta. Ban danne komai ba, hawayen ne suka ƙi zuwa.

Bayan an watse na share rumfa, na ɗauko wata hula da na bari rabi, na zauna a wurina. Na yi layi ɗaya, na yi biyu, na yi biyar. Ido ya fara raɗaɗi, ban tsaya ba. Sai can na gane abin da nake yi: jira nake a ce mini in ƙifta. Na duba tabarmarsa a naɗe a jingine da bango. Na soke allurar a inda nake, na rufe ido da kaina, na zauna ina jiran wanda zai ce buɗe.

Ranar ban nemi kwalbar magani ba, hawayena ne suka zo da kansu.