Kantar da Inna Fanta Ta Kama da Bango

Inna Fanta surukata ce, uwar maigidana Malam Hamidu, kuma tunda nake ban taɓa ganin mace mai iya ɗaurin kaya kamarta ba. An haife ta a wata ruga a bakin Dajin Rugu, wajen Runka. A hanya ta girma, a hanya ta yi aure. Da bakinta ta gaya mini ta kwance ɗakinta ta sake kafa shi ya fi sau ɗari: da safe a labta wa takarkari, kafin la'asar ƙorenta sun hau jere a wani wurin. Ranar da aka samu mulkin kai ma tana bayan shanu. Sai bayan mako biyu labari ya iske ta, abin da ta fara tambaya shi ne ko yanzu an daina jangali.

Babban farin nan na farkon shekarun saba'in ya cinye shanun, mijinta ya rasu bayansa, sai ta dawo Wagini wurin ɗanta, inda yake koyarwa a firamare. Ranar da muka nuna mata ɗakinta na ƙasa, ta dafa bangon ta tura da ƙarfi, ta ga bai motsa ba, ta ce ita kam ta gama tafiya ke nan.

Malam shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana da magana sai ta juyo wurina ta ce in gaya wa "Malaminku", ko da muna zaune tabarma ɗaya da shi. Ni 'yar Batsari ce, bakina ba ya riƙe magana, wannan kunyar tasu takan ƙule ni har in ji kamar in yi ihu. Amma na san abin da ke cin ta. Ana ta raɗe-raɗin za a mayar da Malam Kaduna, ita ta rantse ba za ta sake ƙaura ba, kuma tana tsoron in ya kwashe komai nasa ya tafi, birni zai riƙe mata shi.

Shekarar Udoji, da gwamnati ta yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, malamai suka haukace. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset. Nawa kuwa Katsina ya tafi, ya dawo a bayan a-kori-kura da wasu shimfiɗaɗɗun kwalaye guda uku. Ya ce kantar littattafai ce, ita ta fi araha a kantin domin kai za ka haɗa abarka. Littattafansa sun daɗe a cikin adaka biyu a ƙarƙashin gado, gara ta fara yi musu sallama. Yana buɗe kwali yana ta zuba, wai kyawun abin shi ne in tafiya ta kama, nan da nan za a kwance a mayar cikin kwali. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, na ga hannunta ya tsaya.

Kwana biyu yana fama. Takardar da ta zo da kayan ba rubutu a jikinta, zane ne zalla, mutumin da ke koya wa 'ya'yan mutane lissafi ya yi ta juya ta sama da ƙasa. Da ƙyar ɗaya ta tsaya, a karkace kamar jakin da mangalarsa ta rinjayi gefe. Daɓen ɗakin ba daidai yake ba, bangon kuma yana da tumbi. Ya jera littattafai ya ja da baya don ya yaba aikinsa, kanta ta biyo shi. Kajina da ke bakin ƙofa sai da suka haura katanga. Ya ɗauko Mani kafinta daga Batsari, Mani ya ƙwanƙwasa katakon ya ce dusar zarto ce aka matse, ba za ta riƙe ƙusa ba, kuma ladan gyaran zai fi kantar tsada. Malam ya tafi kwas na mako biyu ransa a ɓace, ya ce kada kowa ya taɓa masa kaya.

Motar da ya shiga ba ta gama fita gari ba Inna ta ɗaure zani. Ta ɗauki takardar ta dube ta sau ɗaya, ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce wanda ya zana wannan ya san ƙaura. Da tsinin wuƙar yankan kuɓewa ta murɗa ƙusoshin, ni ina riƙe mata katako. Kafin azahar duka ukun sun tsaya. Sai ta ce in kira maƙwabtanmu Kande da Ramatu, a ɗebo jar ƙasa. Tunda bango ya ƙi zuwa wurin kanta a miƙe, in ji ta, za mu ƙara masa nama har ya iske ta.

Ban taɓa yin dariya irin ta makon nan ba. Mu huɗu cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa har gwiwa, muna cuɗawa da ƙaiƙayi, Kande tana ba da waƙa muna amshi, santsi ya kwashe ta ta zauna daɓas, ta ci gaba da waƙarta a zaune. Inna ta jera duwatsu ta yi dakali ta zuba toka saboda gara. Ta sa muka fasa tsofaffin garewanin kananzir muka shimfiɗa a bayan katakon don kada danshi ya taɓa shi. Sannan ta jera kantocin kafaɗa da kafaɗa, ta cike duk wata kafa da ƙasa, ta tayar da ginshiƙi dama da hagu, ta lanƙwasa baka a sama, har da alkukin ajiye fitila. Aka shafe da makuba, aka bi da farar ƙasa. In ka shigo sai ka rantse tare da ɗakin aka gina ta.

Muna wanke hannu na matso na ce, "Inna, to yanzu ta yaya za a kwance ta?"

Ta ce, "Wa ya ce miki za a kwance?"

Muka dubi juna, muka fashe da dariya har na riƙe ciki.

Da ya bushe, ita ta jera littattafan yadda take jera ƙore. Manya a tsakiya, ƙanana suna gangarowa, ja da ja, kore da kore. Kusan rabinsu kansu a ƙasa yake, ban gaya mata ba.

Malam ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu. Ya shiga ya girgiza kanta, ko gezau. Sai ya hau dariya, ya ce ko a ofisoshin Katsina bai ga irinta ba, ya fita a guje ya kirawo sauran malamai. Kafin la'asar gidanmu ya zama kasuwa. Mata suna guɗa, kowacce tana roƙon Inna ta zo ta yi mata irinta don kwanukanta, Inna tana rufe fuska da gefen mayafi wai ita ba ta san komai ba.

Da mutane suka watse ya zaro takarda daga aljihu. Canjin ya tabbata, Kaduna, nan da mako uku. Ya dubi kantar, ya dube ni, ya tambaye ni a hankali yadda zai tafi da ita. Inna tana bakin ƙofa ta ba mu baya.

"Gaya wa Malaminku katakon kawai na kama," in ji ta. "Littattafansa ba a liƙe suke ba. Adakarsa ma tana nan."

Tausayinta ya kama ni. Duk murnar da nake yi ta zube, na rasa wanda zan ji wa haushi.

Ranar tafiya aka loda gado da tukwanena, Kande ta yi alkawarin za ta riƙa duba Inna safe da yamma. Malam ya shiga ɗakin ya daɗe. Ya fito da littafi guda ɗaya a hammata, ya je ya durƙusa gabanta, kansa a ƙasa.

"Inna, na ari wannan. Ƙarshen wata zan maido shi in ɗauki wani."

Ta kau da kai wajen turken awaki. Da na zo yi mata sallama ta riƙe bakin mayafina, ta yi ƙasa da murya ta tambaye ni guda nawa ne a kantar. Na ce ɗari biyu da wani abu. Leɓunanta suka yi ta motsi tana lissafin watanni, sannan ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bayan hannu.

Ta ce, "Za su ishe ni."